Ɗoɗɗoyar Inna a Ɗakin Ƙasa

Asabar, 8 ga Maris, da hantsi

A sanar da na kusa, a aika wa na nesa: yau takwas ga watan azumi, ni Ladan, mazaunin Beltsville ta jihar Maryland, na buɗe damina a ɗakin ƙasa, tsakanin injin wanki da akwatunan da ba mu kwance ba tun da muka tare. Faɗin gonar kwalin ƙwai biyu ne. Ba a gayyaci maroƙa ba. Mahalarta bikin su ne ni da wani gizo-gizo da ke zaune bayan hita, shi ma bai tsaya an yi addu'ar tashi ba.

Irin ɗoɗɗoya na shuka, amma ba wadda ake sayarwa a 'yan fakiti da hoton taliyar Italiyawa ba. Ta Inna ce, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Shekara da shekaru tana gindin randarta a Getso, tana shan abin da ya ɗiga daga moɗa. Ganye ɗaya a tukunyar shayi, na zaure ma sai ya sani. Bayan rasuwar Inna ƙanena ya shafe tsakar gidan da siminti, wai ci gaba. Abin da ya saura a duniya na wannan ɗoɗɗoya shi ne ɗan ƙullin da ke hannuna, bai cika cokalin shayi ba. 'Yata Ummi ce Inna ta ƙulla wa shi a zuwan yarinyar Getso na ƙarshe, ita kuma ta ba ni ranar da aka yi mana wayar rasuwar. Yadda ya ƙetare filin jirgi ba zan rubuta ba.

Na shuka rabi, na adana rabi.

Lami, matata, ta leƙo daga saman bene.

"Malam, noma ake da azumi?"

"Bincike ake."

"To. In an gama binciken, akwai waya a kan tebur."

"Wa ya kira?"

"Ba wanda ya kira. Na dai ce akwai waya."

Lahadi, 9 ga Maris, bayan la'asar

An tura agogo gaba da awa guda. Gwamnati ce ta ba wa rana umarni, mai azumi ne ke biyan tara.

Talata, 11 ga Maris, bayan shan ruwa

Lami ta jera faranti uku, ta tsaya ta dube su, ta mayar da ɗaya.

Gara in rubuta don kada tarihi ya yi mini ƙazafi. Ranar Lahadin makon jiya Ummi ta zo daga Baltimore shan ruwa. Ta faɗi wata magana game da makarantar likitanci, da cewa ba za ta koma ba. Ni kuma na faɗi wata 'yar magana ta raha, irin wadda na saba. Ta ajiye cokali, ta yi wa uwarta godiyar abinci, ta ɗauki jakarta. Tun daga nan tana kiran Lami, ba ta kira na. Ni ma ban kira ba, don ba a taɓa jin inda rijiya ta bi guga ba.

Wasa nake yi. Duk wanda ya san ni ya sani.

Ƙasar kwalin tana nan yadda na bar ta.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Maƙwabcina Katung ya shigo aron tsani. Mutumin Kagoro ne, mai haɗa magani ne a wani kanti a Wheaton, kuma bai taɓa shuka komai ba sai ciyawar ƙofar gida, wadda yake yi wa aski duk Asabar kamar ango. Su ma azuminsu suke yi, na kafin Ista. Na tambaye shi me ya bari bana, ya ce nama da gulma, amma naman ya fi sauƙi.

Na kai shi ya ga gona. Ya sunkuya ya daɗe yana duban kwalin.

"Malam Ladan, ina shukan?"

"Tana ƙasa."

"Ah. To, Allah ya jiƙanta."

Na yi masa bayanin binne: yadda mutanenmu ke zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, su rufe, su koma gida su jira sama. Na ce wannan ilimi ne da ya girmi duk jami'o'in ƙasar nan, har da cibiyar binciken noman da ke bayan unguwarmu. Ya ce shi a garinsu abin da aka binne ba a zuwa dubawa safe da yamma.

Da zai fita ya ce, "Kwana biyu ban ga motan Ummi ba." Na ce karatu ya yi yawa. Ya ɗauki tsaninsa, wato tsanina.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Babu komai.

Litinin, 17 ga Maris, bayan azahar

Babu komai. Na ƙara ruwa. Aikina kenan a ofis, lissafin yadda ruwa ke bin bututu ya kai gidajen mutane, don haka ba wanda zai koya mini ban ruwa.

Na yanke shawara, kuma ina ganin shawara ce ta manya. In ɗoɗɗoyar ta fito ta yi ganye, zan dasa mafi kyau a tukunya in kai wa Ummi Baltimore. Zan ajiye mata a taga in ce, "Ga ta kakarki." Shi kenan. Mai hankali ya san abin da ake nufi. Mahaifina bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba. In ya zane ni a kan laifin da daga baya aka gano na ƙanena ne, da daddare sai in ga tsire a takarda kusa da tabarmata. Ban taɓa jin an cuce ni ba. Na ci tsiren.

Na gaya wa Lami. Ta ce, "Yaushe za ta yi ganyen?"

"Nan da wata guda, ko ɗan fiye."

"Wata guda." Ta ci gaba da yanka albasa. "Allah ya kai mu. Ita ma Allah ya kai ta."

Laraba, 19 ga Maris, da yamma

Na ɗauko littafin noman ganyayyaki da na saya tun bara, na buɗe babin da ya kamata in fara buɗewa. Ashe irin ɗoɗɗoya ba a binne shi. Ƙanana ne kamar kwarkwata, haske suke so. A barbaɗa a sama, a danna da yatsa, a bar su. Kuma suna son ɗumi daga ƙasa, alhali simintin ɗakin nan sanyinsa ya isa a ajiye nama. Ni kuwa na tura su zurfin gaɓar yatsa, na yi musu ambaliya safe da yamma.

Na tona rami ɗaya da tsinken sakace. Laka ce mai wari.

Marubucin littafin ya ce kuskure ne da sababbin manoma ke yawan yi. Ban ji daɗin kalmar "sababbin" ba. Kakana da garma aka san shi.

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi

An sake buɗe damina, wannan karon ba sanarwa. Na zuba sauran irin duka, na juye ledar na kaɗe ta. Sabuwar ƙasa, tire mai murfi, na ɗora a kan firij inda ɗumi ke tashi. Ruwa kuwa da kwalbar feshin da Lami ke guga da ita.

Yanzu babu rabi a ajiye.

Asabar, 22 ga Maris, bayan shan ruwa

Na hau kujera ina leƙen saman firij, Lami na wanke-wanke. Na ce, don dai a yi hira, ni har yanzu ina mamakin wanda ya fassara wa yarinyar nan maganar. Hausarta ta "ina kwana" ce da "na ƙoshi". Ana yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci tun tana 'yar shekara biyar. Ina ta san karin magana?

Lami ta rufe famfo.

"Ba wanda ya fassara mata. A bakinka ta koya. Ranar da mai hayar nan na ƙasa a tsohon gidanmu ya tashi, me ka ce? Ranar da shugaban ofishinku ya yi ritaya, me ka ce? Tana zaune tana jin ka."

"Ai raha ce."

"Yarinya ta ce maka ta kasa, ta ce za ta bar karatu ta zauna can ta nemi abin yi. Ka dube ta ka yi dariya ka ce, 'Allah raka taki gona.' Mai sunan mahaifiyarka, Malam. Sunanta ma ba ka iya faɗa don kunyar Inna, sai Ummi, sai Ummi. Amma taki ya fito a bakinka ba gargada."

Na ce in an bi ta ilimi, taki ba abin rainawa ba ne. Babu gonar da ke albarka sai da shi. A nan ƙasar ma a buhu ake sayar da shi, da tsada. In an duba da kyau, addu'a na yi mata.

"Sauko daga kujerar nan kafin ka faɗo," in ji ta. "Kuma akwai abin da ba ka sani ba. Ba ni zan gaya maka ba."

Na sauko. Ban tambaya ba.

Talata, 25 ga Maris, da asuba

Na rubuta maganar a nan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da safe

Sun fito!

Na cire murfin ina shirin yin ta'aziyya, sai ga wasu 'yan ɗigo kore, kowanne da kunnuwa biyu kamar an tsaga ƙwayar gero. Na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Na kira Lami da ƙarfin da ya sa ta fito da gudu da ɗankwali a hannu, ta ɗauka gobara ce.

Ta hau kujerar da kanta. Ta daɗe a can sama.

"Kai, Inna," ta ce.

Na makara zuwa ofis. Na ce musu hanya ce ta cushe, wanda a garin nan ba a taɓa ƙaryata mai faɗinsa ba.

Lahadi, 30 ga Maris, ranar Sallah, da yamma

Mun yi idi a babban zauren da aka kama haya. Kowa ya sa babbar riga a kan rigar sanyi, muka zama kamar buhunan auduga masu gaisawa. Mutum uku sun tambaye ni ina likitarmu. Da haka suke kiran ta tun ranar da aka ɗauke ta, kuma ni na koya musu. Na ce tana aiki. Na ukun ya ce, "Haka ne, asibiti ba ya sallah." Na ce wallahi kuwa.

Lami ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta aika wa su Katung nasu. Da la'asar na ga ta zuba wani a kula ta ɗaure da ɗankwali, ta ɗauki makullin mota.

"Za ka zo?"

"Ba a barin shuka ranarta ta huɗu."

"Haka littafin ya ce?"

"Kusan haka."

Ta tafi. Na mayar da tiren ɗakin ƙasa, na rataya musu doguwar fitila da igiyar shanya, na zauna a kan bokiti ina kallonsu. Wayata ta yi ta ƙara da barka da sallah daga Kano, daga Jidda, daga wani mai sayar da inshora. Duk na duba.

Litinin, 31 ga Maris

Kular ta dawo wankakkiya. Lami ta ce Ummi ta ci kaɗan.

Juma'a, 4 ga Afrilu, bayan masallaci

Garin nan ya haukace da furen ceri. Mutane na tahowa daga wata uwa duniya su tsaya gaban bishiya su ɗauki hoto, bishiyar da ko 'ya'ya ba ta yi. Na taɓa kai Ummi tana ƙarama, na ɗora ta a wuya, ta tsinko fure ɗaya, wani ɗan sanda ya yi mana wa'azi. Ta riƙe furen a dunƙule har gida. Da ta buɗe hannu ya zama kamar an tauna.

Ban san abin da ya kawo wannan ba. Shuka nake son rubutawa.

Sun yi ganye na biyu, na gaskiya, mai ɗan ƙwarya-ƙwarya a baki. Na murza ɗaya a hankali na shinshina yatsa. Getso ce, da randa da moɗa da komai. Sai da na zauna.

Amma ba su yi mini ba. Sun yi dogon wuya, sun yi fari-fari, duk sun karkata wajen fitila kamar masu jiran a raba zakka. Littafin ya ce rashin rana ne. Ya ce a riƙa fitar da su waje kaɗan-kaɗan, yau awa ɗaya a inuwa, gobe biyu, har su saba da iska, kuma kada a kuskura a dasa a ƙasa kafin tsakiyar Mayu. Wato shuka ma a ƙasar nan sai an yi mata jadawali kamar mai ganin likita.

Ba zan kai wa Ummi abu mai kama da majinyaci ba.

Talata, 8 ga Afrilu, da yamma

Na fitar da su baranda awa ɗaya. Wani kurege ya zo ya zauna a kan shinge yana kallonmu, da alamar mai ra'ayi.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Katung ya dawo da tsani, ya tarar da ni tsaye kan tire da lema, don iska ta ɗan taso.

"Malam Ladan, ko jariri ba a yi masa haka."

"Ba ka san darajar abin ba."

"Na sani. Selina ta gaya mini na Ummi ne." Selina matarsa ce, kuma abin da Lami ta sani da safe Selina ta san shi kafin azahar. Ya jingina tsanin. "Baltimore fa ba Legas ba ne. In ka tashi yanzu, kafin shayinka ya huce ka kai."

Na ce kowane abu da tsarinsa. Mu ba ma zuwa hannu rabbana.

"Ni da yarona ya yi fushi da ni," in ji shi, "na je na same shi a wurin aiki na ce, 'Kai, na yi maganan banza.' Ya ce, 'Na sani.' Muka je muka ci kaza."

Na ce shi ya sa ba a kafa daula a Kagoro ba. Ya ce shi ya sa suke barci da kyau.

Asabar, 12 ga Afrilu

Lami ta kwana Baltimore. Ba ta ce me ya sa ba. Ta ɗauki bargon Ummi na ɗakinta, mai shuɗi.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan magariba

Yau an yi zafi na gaske, har na cire rigar sanyi a mota. Da la'asar gabas ta haɗe, iska ta tsaya cik, aka yi tsawa guda mai kyau, sannan ruwa ya sauko. Ba irin yayyafin nan nasu mai sanyi da ke wuni yana tsiyaya kamar mura ba. Ruwa mai ɗumi, mai manyan ƙwayoyi, mai duka. Na tsaya a baranda, ƙamshin ƙasa ya taso.

Da ya ɗauke na je bayan gida na tura hannu cikin ƙasa, kamar yadda na ga kakana yana yi. Laima ta wuce tafin hannu. A Getso wannan sunansa ruwan shuka, kuma ba a kwana biyu ana shawara a kansa. Gobe da sassafe duk gari yana gona, har mai ciwon baya. Kuma tun da aka halicci Getso ba a taɓa jin sanyi ya dawo bayan ruwan shuka ba.

Littafin kuwa, mutumin wata jiha ta arewa ne ya rubuta shi, inda ƙanƙara ke kaiwa gwiwa. Bai taɓa shinshina abin da na shinshina yau ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Na ɗauki hutun rabin rana. Na dasa su duka a jikin katangar kudu, layi biyu, kowacce da ɗan gurbinta. Mako guda a ƙasa ta gaskiya da rana ta gaskiya, wuyan zai yi kauri, ganyen zai yi duhu. Sannan in zaɓi sarauniyarsu in sa a tukunya.

Lami ta tsaya a ƙofar kicin da kofin shayi.

"Duka?"

"Duka."

"Ba za ka bar ko biyu a ciki ba?"

Na ce shuka ba ta son wariya. Ta ce to.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Iska ta juya, daga arewa take. Wayata ta aiko gargaɗin sanyi. Wayar nan tana gargaɗi a kan komai, ranar nan har ta ce in tashi in miƙe ƙafa. Ƙasa ta sha ruwan ɗumi, tana riƙe da shi. Katanga ma tana tare iska.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Raɓa ta daskare, ciyawar Katung ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri.

Alhamis, da yamma

Ba su faɗi ba da farko, shi ya sa na yi zaton an tsira. Suna tsaye, sai dai launin ya yi duhu kamar an jiƙa. Da rana ta taɓa su sai suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Kafin in dawo daga ofis sun zama baƙin zare a kan ƙasa. Na bi layi biyun da yatsa ina neman mai sauran kore a gindi. Na kira wani layin masu ba da shawarar lambu, wata mata mai kirki ta ce ɗoɗɗoya ba ta yafe sanyi, ta ce in sayi wani irin, ai yana da araha.

Na ɗauko ledar Inna daga aljihun tebur na buɗe ta a kan farar takarda, na kaɗe. Ƙura ce.

Lami ba ta ce ai na gaya maka ba. Na so ta faɗa. Ta kawo mini shayi har baranda, ta tsaya kusa da ni muna kallon katanga.

"Yanzu me za ka kai mata?" ta ce.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan masallaci

Na biya Wheaton. A shagon 'yan Afirka akwai busasshen ganyen ɗoɗɗoya a leda, a kantin furanni kuma akwai ta Italiyawa a tukunya, kore shar, har da ɗan kati. Na ɗauki tukunya ɗaya na kai har wurin biya. Ummi ba za ta bambance ba, na ce a raina. Sai na tuna wanda ya ce ba za ta gane karin magana ba.

Na mayar da ita inda na ɗauko.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan isha

Na je. Ban gaya wa Lami ba sai da na sa takalmi. Ta rubuta mini lambar gidan a bayan hannuna da biro, kamar ɗan makaranta, don Ummi ta ƙaura daga inda na sani.

Gida ne cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna, ɗakinta a sama. Na hau matakala ina ta neman abin da zan yi da hannuwana. Ban taɓa sanin hannu yana da nauyi haka ba in babu komai a cikinsa.

Ta buɗe. Ta rame. Tana lulluɓe da bargon nan mai shuɗi, da rana tsaka.

"Baba."

"Wucewa na zo yi," na ce.

Ta tambaye ni da Turanci, wucewa zuwa ina. Na duba, bayan gidan babu komai sai layin dogo. Ta matsa na shiga.

Kujera ɗaya ce a ɗakin, ta ba ni, ta zauna bakin gado. A kan taga, daidai inda na yi niyyar ajiye tukunya, akwai 'yan kwalaben magani guda biyu masu launin ruwan lemo. Na iya karatu daga nesa, tabarau na a fuskata. Na kalli bango.

Na fara ba ta labarin ɗoɗɗoya. Na faro tun daga kwalin ƙwai, da binne, da firij, da kurege. Na yi bayanin bambancin ruwan shuka da yayyafi. Na ji kaina ina magana kamar rediyo a shagon da ba kowa. Ta bar ni har na kai safiyar Alhamis.

"Duka?" ta ce, da Hausa.

"Duka."

"Na Kaka?"

"Babu saura."

Ta rufe fuska da bargo. Na zo ba ta haƙuri, na ƙara mata da wani rashin. Na zauna ina jin jirgin ƙasa yana wucewa, dogo ne, bai da niyyar ƙarewa.

Da ta buɗe fuska ta ce, a hankali, tana ɗauko kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu:

"Baba, ni ba taki ba ne."

"Ba ce" ya kamata ta ce. Gyaran ya zo har bakin haƙorana, shekara ashirin da huɗu ina yi mata shi. Na haɗiye.

"Ke ba taki ba ce," na ce. "Ki yi haƙuri, Ummi. Ki yafe mini."

Ban mutu ba. Rufin bai faɗo ba. Ita ma ba ta ce ta yafe ba. Ta ce da Turanci ta ji. Ta tashi ta dafa ruwa, ta ba ni shayin 'yar jaka a kofi mai tsaga, ba madara. Ta ce akwai abubuwan da za ta gaya mini, amma ba yau ba. Na ce ba gaggawa. Na tambaya ko za ta zo gida. Ta ce ba ta sani ba tukuna, amma in na kira za ta ɗauka.

A bakin ƙofa ta ce, "Mama ta ce ka ce wasa kake yi."

Na ce, "E, to, kin san halina." Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta rufe ƙofar a hankali.

Duk hanya wannan gyaɗa kan yana gabana.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Selina ta aiko da shinkafar Ista da naman da Katung ya yi kwana arba'in yana mafarki. Ban taɓa ba tukuna.

Na kira Ummi. Ta ɗauka.

Na yi ta rubutawa a nan cewa wasa nake yi ran nan. Ba wasa nake yi ba. Na ji kunyar abin da zan gaya wa mutane, raina ya ɓaci, na nemi maganar da za ta yi mata zafi, na kuwa samu. Haka na gaya mata. Ban yi daidai ba.